Talauci da Karatun Yaran Karkara: Nazarin Ayyukan Polly Hill Daga Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi nazarin ayyukan Polly Hill (1914-2005), Baturiyar Ingila wadda ta shafe fiye da shekara talatin tana binciken zaman manoman karkara da tattalin arzikinsu, domin mu ga ko akwai abin da za su ƙare mu da shi wajen fahimtar wata matsala da ta daɗe tana ci wa malaman kwalejojin ilimi tuwo a ƙwarya. Matsalar kuwa ita ce: me ya sa ake rubuta sunayen yaran ƙauyukan ƙasar Daura a makarantar firamare, amma da yawa daga cikinsu ba sa zama har su gama, balle su wuce gaba?

Tun da farko ya kamata mu bayyana abu biyu, don kada a zarge mu da jingina wa marubuciyar abin da ba ta ce ba. Polly Hill ba ta yi aiki a Daura ba. Batagarawa ta zauna, kudu da birnin Katsina, daga baya kuma ta koma Ɗorayi a gefen birnin Kano. Sa'an nan ita ba malamar fannin koyarwa ba ce, kuma makaranta ba ta sami babban gurbi a cikin littattafanta ba. Duk da haka muna ganin ta riga mu gano inda ya kamata a tsaya a kalli matsalar, watau ƙofar kowane gida. Mu da muke rubutu a kan ilimin karkara mun saba ɗaukar ƙauye dunƙule guda, mu ce "mutanen ƙauye ba sa son boko", mu rufe littafi. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa aikinta ya rushe wannan magana. Za mu kuma nuna inda muka saɓa da ita, domin akwai wani babban hukunci da ta yanke wanda muke ganin zuwan takardar shaida ya kwance masa zani.

2.0 Marubuciyar da Tafarkinta

An haifi Polly Hill a Kambirij, a gidan masana. Mahaifinta, A. V. Hill, ya sami kyautar Nobel ta 1922 a fannin ilimin aikin jikin ɗan Adam, kawunta kuwa shi ne John Maynard Keynes, wanda duk ɗalibin tattalin arziki ya san sunansa. Ita ma tattalin arzikin ta karanta. Ta yi aikin gwamnati, ta yi aikin jarida a mujallar West Africa, sa'an nan a 1954 ta tafi Gana, tun ƙasar ba ta sami mulkin kai ba. A can ne ta bi manoman koko gona-gona, ta fitar da littafin da ya fito da sunanta a 1963, inda ta nuna cewa waɗannan manoma 'yan kasuwa ne masu lissafi, suna haɗa kuɗi su sayi ƙasa, su juya riba su ƙara saye. Ba ta karɓi digirinta na uku ba sai a 1967, tana da shekara hamsin da 'yan kai. Wannan abin lura ne gare mu da muke ɗokin digiri tun kafin mu san ƙauye ɗaya da kyau.

Littattafanta a kan ƙasar Hausa uku ne: Rural Hausa na 1972, a kan Batagarawa, Population, Prosperity and Poverty na 1977, a kan Ɗorayi da karkarar Kano, da Dry Grain Farming Families na 1982, inda ta kwatanta manoman hatsi na ƙasar Hausa da na Karnataka a Indiya. A 1986 ta rubuta Development Economics on Trial, ta gurfanar da masana tattalin arziki a kan dogaro da alƙaluman hukuma waɗanda ba wanda ya san yadda aka tara su. A kan na farkon za mu fi tsayawa.

3.0 Abin da Ta Gani a Batagarawa

Polly Hill ta yi babban zamanta a Batagarawa a daminar 1967, shekarar da ruwa ya makara. Ta ƙidaya gidajen manoma 171, ta auna gonakinsu. Amma abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne hanyar da ta bi ta gane mai hali da marar hali. Ba ta tambayi kowa nawa yake samu a shekara ba, tambayar da Bahaushe ba zai amsa wa baƙo ita da gaskiya ba, kuma ba laifinsa. Sai ta nemi waɗansu mutanen garin da suka san kowa, ta roƙe su su kasa magidanta bisa yadda kowa zai iya jure wa makarar ruwa da rashin kyawun kaka. Aka sami kashi huɗu. Gida 17 ba su cikin wahala, har su ne masu taimakon wasu da kyauta ko rance. Gida 45 suna riƙe da kansu, ba sa nema ba sa bayarwa. Gida 68 suna ɗan jin jiki. Gida 41 kuwa suna cikin matsanancin ƙunci. Da ta ɗora wannan kaso a kan awon gonaki, sai ta ga a matsakaici mutumin kashi na farko yana da gona mai taki kusan eka 20, na kashi na huɗu kuwa tasa ba ta kai eka 3 ba.

To, ga gari ɗaya, addini ɗaya, harshe ɗaya, sarki ɗaya, ruwan sama ɗaya, amma ga rata kamar tsakanin sama da ƙasa. Tun a 1968 ta buga wata maƙala tana ƙaryata masu cewa talakawan karkara duk tafiyarsu ɗaya ce.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce zuciyar littafin. A lokacin akwai daji a kewayen Batagarawa wanda duk mai so zai iya sharewa ya noma. Me ya hana mutanen kashi na huɗu su faɗaɗa gonakinsu? Amsar da ta bayar ita ce talaucinsu ya kai inda yake hana su noman kansa. Rumbun irin wannan magidanci yakan ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Idan aka yi shuka, ciyawa ta taso, lokacin da gonarsa ta fi bukatarsa, a lokacin ne tilas ya tafi ƙwadago gonar wani domin ya samo abin da za a ɗora a murhu a ranar. Ba shi da dabbobin da za su ba shi taki, ba shi da jakin kai shi gona. Da kaka yakan sayar da hatsi da araha don ya biya haraji da bashi, da bazara kuma ya sayi hatsin nan da tsada, wataƙila ma daga gidan wanda ya saya a hannunsa. In abin ya yi tsanani ya jinginar da gona ko ya sayar. Rance ma ba ya samu yadda mai hali ke samu, don mai bayarwa ya san ba abin biya. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan babi duka da suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da Polly Hill ta ƙara shi ne ta auna zurfin rijiyar, ta ƙidaya masu ja.

Ta kuma yi dogon bayani a kan gandu, watau yadda 'ya'ya maza, har da masu aure, suke noma tare da mahaifinsu, shi kuma ya ɗauki nauyin ci da haraji da aurensu, ya ba su gayauna. Ta lura cewa gandun mai hali ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa, domin yana da abin da zai riƙe 'ya'yansa da shi. Na matalauci kuwa da wuri yake watsewa.

4.0 Idan Aka Ɗauko Wannan Ma'auni Zuwa Ƙasar Daura

Littafin da masana na waje suka fi sani a kan Daura shi ne The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda aka buga a 1978. Aiki ne mai nauyi a kan sarauta: yadda ƙasar ta rabu bayan jihadi, Fulani suna birni, sarakunan Haɓe suna Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon Daura. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya soki Smith a kan kallon tarihinmu ta tagar ƙabila, kuma muna tare da shi a kan haka. Amma ƙorafinmu a nan daban ne. A littafin Smith daga fada ake leƙen ƙasa, talaka yana fitowa ne a matsayin mai biyan haraji. Wanda yake son ya san abin da ke cikin rumbun mutumin Sandamu ko Mai'aduwa, da abin da ya hana ɗansa zuwa aji, hanyar Polly Hill ce za ta fi kai shi.

Lalle ne mu yi hattara, domin Batagarawa ta 1967 ba ita ce ƙasar Daura ta yau ba. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da manomi ke samun kuɗi da shi. Gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin Daura tana cikin Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, dajin da za a share ya ja baya, har lamarin ya fi kama da abin da ta tarar a Ɗorayi. Takin zamani ya shigo, kuma da kuɗi ake sayensa. Ga shi kuma ƙasar tana bakin iyaka, duk lokacin da aka rufe ta, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023, masu ɗan cinikin da ke tsakanin Kwangwalam da ƙasar Damagaram su ne suke fara ji a jikinsu. Duk waɗannan sun sauya. Abin da bai sauya ba shi ne akwai gidan da hatsinsa ke kai shi wata kakar, akwai wanda nasa ke ƙarewa tun da rani.

Yanzu bari mu shigo da makaranta. Da aka buɗe shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a Satumba 1976, an yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin Nijeriya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi shakkar cewa ƙiyayya ce tushen matsalar. An sake ɗaura ɗamara da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, aka yi masa doka a 2004. A duk shirye-shiryen nan an ɗauka cewa in an cire kuɗin makaranta an cire tsadar karatu. Alhali kuwa babban abin da magidancin karkara yake biya shi ne aikin yaron, kuma farashin wannan aiki ya bambanta daga gida zuwa gida, ya kuma bambanta daga wata zuwa wata.

Mu dubi kalandar makaranta. Zango na uku yakan kama daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Yuli. A ƙasar Daura a cikin wannan tsakani ne ake sharar gona, a kai taki, ruwa ya sauka, a yi shuka, a yi noman farko. A ƙarshensa kuma ake jarrabawar wucewa aji na gaba. Zango na farko yana buɗewa a Satumba, daidai da girbin gero, ya ci gaba cikin roron wake da cirar gyaɗa. Magidancin kashi na farko zai ɗauki 'yan ƙwadago, ɗansa ya zauna a aji. Magidancin kashi na huɗu shi ne ɗan ƙwadagon. In ya fita da safe zuwa gonar wani, wa zai taɓa tasa in ba yaron nan ɗan shekara goma sha ɗaya ba? Mun sha ganin haka lokacin da muke zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a ƙauyuka: ajin da muka bari cike da sanyi, mu dawo da damina mu tarar da shi ya zama kwango. In ka tambayi malamin ajin, shi da kansa zai lissafa maka waɗanda ba sa fashi, kuma zai gaya maka 'ya'yan wane da wane ne. Yaron da ya rasa makonni shida a zango na uku, ya rasa huɗu a na farko, shekara biyu ko uku a jere, zai kai aji biyar bai iya karanta sunansa ba. Daga nan uban ya duba ya ga ba riba, ya cire shi. Mu kuma mu rubuta a takardunmu cewa uban jahili ne.

A nan ne ya kamata a yi wa makarantar allo adalci. Tsarin tsangaya ya san kalandar manomi tun fil azal. Malam yakan tashi da almajiransa bayan an kai amfanin gona gida, su yi rani a wani gari, su komo in damina ta kusa. Paul Lubeck ya nuna a littafinsa na 1986 a kan ma'aikatan Kano cewa wannan tafiya tana rage wa rumbun ƙauye bakuna a watannin da ba a noma. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a birnin Kano da Albasu, har suka shirya fim tare mai suna Duniya Juyi Juyi a 2011, ta fitar da littafi a 2018 inda ta nuna cewa iyaye suna auna abubuwa da yawa kafin su tura yaro: son ya sami Alƙur'ani da tarbiyya, da halin da gida ke ciki, da kuma lalacewar makarantar bokon da ke kusa da su. Ba muna cewa talauci ne kaɗai ke kai yaro gaban malam ba, domin masu hali ma suna kai nasu, kuma neman ilimin addini wajibi ne da ba ya jiran dalili. Abin da muke cewa shi ne, ɗaya makarantar ta gina kanta a kan shekarar manomi, ɗayar kuwa an ɗauko ta da kalandarta daga wata duniya aka dasa. Makarantun almajirai na zamani da Gwamnatin Tarayya ta fara buɗewa a 2012 gini suka kawo, ba su taɓa wannan tambaya ba.

Game da 'ya'ya mata, wata maƙala da Polly Hill ta buga a 1969 a kan ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa tana da amfani ƙwarai. Ta nuna cewa matan da ke cikin kulle suna gudanar da kasuwa sosai daga cikin gidajensu, ta hatsi da ƙuli-ƙuli da mai da abinci dafaffe. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta ƙarasa zancen: ƙafar wannan kasuwa ita ce yarinya mai talla, kuma ribar tallan ce take zama kayan ɗakinta. Ashe ke nan in an ce yarinya ta zauna a aji daga safe zuwa azahar, jarin uwarta aka taɓa, da kuma mutuncin da za a fita da shi ranar kai amarya. Matar mai hali za ta iya haƙura da wannan, ko ta sa 'yar wani ta yi mata. Matar kashi na huɗu kuwa sau da yawa cinikin nan ne ke ciyar da gidan in rumbu ya ƙare. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin farko, ya tanadi ba gidaje marasa hali ɗan tallafin kuɗi don 'ya'yansu mata su zauna a makaranta. Wannan amincewa ce da cewa gida ne ma'auni. Saura a tambaya: wa ke zaɓen gidajen, kuma da wane awo?

5.0 Inda Muka Saɓa da Ita

Bayan duk wannan rata da ta auna, Polly Hill ta keɓe babi guda tana cewa babu ajin masu dukiya da ajin matalauta na dindindin a Batagarawa. Babbar hujjarta ita ce mutuwa tana watsa dukiya. Mai hali yakan yi mata da yawa da 'ya'ya da yawa, ranar da ya faɗi gandu ya watse, a raba gonaki, kowane ɗa ya tashi da ɗan yanki. Saboda haka arziki ba ya zama a gida ɗaya har jikoki, ko da yake ba ta ɓoye cewa hawa ya fi sauka wuya ba.

An soki wannan ra'ayi tun da daɗewa. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna a littafinsa Silent Violence na 1983 cewa ba a fahimtar yunwar ƙasar Hausa sai an koma ga tarihi, ga harajin Turawa da noman gyaɗa don kasuwar waje da yadda suka raunana hanyoyin da jama'a ke tallafar juna. Zaman wata shida a gari ɗaya hoto ne na rana ɗaya, ba ya nuna inda aka fito. Mun yarda da wannan suka, amma namu ya fi kusa da sana'armu.

Hujjar Polly Hill tana tsayawa ne muddin dukiya gona ce da dabba da hatsi, abubuwan da alƙali ke iya rabawa. Takardar shaida ba ta shiga rabon gado. Mutumin da ya riƙe 'ya'yansa biyar a makaranta har suka gama, bai raba musu abu ɗaya kashi biyar ba, kowannensu ya tashi da nasa cikakke. In ɗaya ko biyu suka sami aikin albashi, gidan ya sami kuɗin da ba ya jiran ruwan sama. Da albashin nan ake sayen takin zamani a kan kari, a ɗauki 'yan ƙwadago, a sayi gonar da mutumin kashi na huɗu ya rasa yadda zai yi da ita, a kuma kai jikoki makarantar kuɗi a Daura ko Katsina. Watau abin da mutuwa take watsawa a da, yanzu makaranta tana tattara shi tana miƙa wa na baya. Akwai makarantar firamare a Batagarawa tun kafin zuwan marubuciyar, amma ba ta sa karatun boko cikin abubuwan da za su iya daskarar da bambancin da ta auna ba. A ganinmu wannan ne babban giɓin littafin, kuma shekarun da suka biyo baya sun ƙara faɗaɗa shi.

Wani zai ce ai ga masu digiri nan birjik ba aikin yi, ina tattarawar take? Wannan gaskiya ne, amma ƙarfafa maganarmu yake yi. Takarda ba ta zama albashi sai da wanda zai kai ta inda ake dubawa, kuma gidan da ya riga ya sami ma'aikaci ɗaya shi ne mai wannan hanya. Magidancin kashi na huɗu yana gani da idonsa ɗan maƙwabcinsa ya gama sakandare ya dawo yana acaba. In ya yi lissafi ya ga shekara goma sha biyu na aikin yaro sun fi ƙarfin abin da zai iya jinginarwa a kan wataƙila, ba za mu ce bai iya lissafi ba. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, an kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri a Disambar wannan shekara. Abin murna ne. Amma ƙofar da ake shiga waɗannan wurare tana can baya, a aji huɗu na firamaren ƙauye, cikin watan Yuli.

Akwai kuma wani rauni a hanyar tata da ya kamata mai koyi da ita ya sani. Magidanta maza aka kasa, maza ne kuma suka yi kason. Matar da mijinta ke kashi na uku amma cinikinta ya fi gonarsa kawo kuɗi, ko bazawarar da ke riƙe da marayu, ba su fito sosai a irin wannan awo ba. Ga mai binciken makaranta wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da sau da yawa uwa ce ke sayen littafi da sabulun wanke rigar makaranta, ita ce kuma ke yanke shawarar ko yarinya za ta ɗauki jaka ko faranti.

6.0 Binciken da Muke Yi a Kwalejojinmu

Ya kamata mu juyo da fitilar kanmu. Kowace shekara ɗalibanmu suna rubuta kundaye a kan "matsalolin da ke hana ilimi ci gaba" a ƙaramar hukuma kaza. An san yadda ake yi. A tsara takardar tambayoyi da Turanci, a raba wa malamai da shugabannin makarantu, su zaɓi "na yarda" ko "ban yarda ba", a fitar da kashi cikin ɗari, a kammala da cewa jahilcin iyaye da talauci da auren wuri su ne matsala, a shawarci gwamnati ta wayar da kan jama'a. Uban yaron da aka yi kundin a kansa ba a tambaye shi komai ba. Talauci kuma an ambace shi kamar yanayin gari, abin da ya rufe kowa daidai wa daida. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, a karkara kuwa kashi 72. Adadi ne mai tayar da hankali, amma ba zai gaya wa hedimasta ko wane yaro ne zai ɓace masa in an yi ruwan shuka ba.

Abin da muke ba da shawara ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ɗalibinmu mai gwajin koyarwa yana yin watanni a makaranta ɗaya. Zai iya riƙe rajistar aji ɗaya da gaskiya, mako-mako, ya rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, da aikin da ake yi a gona a wannan mako, da ranar kasuwar da ke kusa. Zai iya zama da dattawa biyu ko uku, kowanne shi kaɗai, da kuma mata biyu ko uku ta hannun malama ko ɗaliba, ya yi musu irin tambayar Batagarawa: in kaka ta ɓaci, wane gida ne zai taimaki wani, wanne zai riƙe kansa, wanne zai shiga wahala? Sa'an nan a ɗora wannan a kan rajista. In ɗalibai ashirin suka yi haka a ƙauyuka ashirin na Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, shekara uku a jere, za mu sami abin da za mu ajiye a gaban hukumar ilimin firamare ta jiha mu ce a gwada matsar da hutu ko jarrabawa a makarantun karkara. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: talauci sirrin mai shi ne, sunan gida ba ya shiga kundi, kuma takardar kason ba ta kwana a ofishin makaranta.

Cikas ɗin da muke hange yana cikin gidanmu. Ƙarin girma a kwalejojinmu da yawan maƙalu ake yinsa. Malamin da ya tafi ƙauye ya zauna damina guda zai dawo da littafin rubutu cike, amma ba shi da abin da zai miƙa wa kwamiti a wannan shekara, abokinsa mai takardar tambayoyi kuwa ya fitar da uku. Asusun TETFund yana ba da kuɗin bincike ta hannun kwalejoji, kuma kwamitocin da ke tace buƙatun malamai 'yan'uwanmu ne, waɗansunsu ma suna cikin wannan zaure. Su muke roƙo su karɓi buƙatar da ta ce gari ɗaya za ta bincika, ta kuma nemi wata shida.